Furfurar Tsohon Marke

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Guga a shekarun da soja ke shirin komawa bariki ya san zauren Malam Sada Mai Sassaƙe, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ciki ba, domin ƙamshin saiwa da ɓawon itace shi yake fara tarbar mutum tun daga bakin lungu. Shi kansa Malam Sada ba mutum ne da za ka gani ka sake waiwayawa ba. Gajere ne siriri, da 'yar farar hula da ta sha wanki har ta fara zare. Ya yi allo gwargwado, boko kuwa ko ƙofar aji bai leƙa ba. Magana a wurinsa kamar gishiri ce a miya, kaɗan yake sawa. In ka kawo masa kukan ciwo sai ya saurare ka har ka gaji don kanka, sannan ya miƙe ya ɗauko ƙulli ya ce, "Da kunu, safe da yamma." Shi ke nan, an gama.

Sana'ar gado ce. Mahaifinsa Almu ya bar masa turmi da gizago da tukwane, da kuma wasiyya guda. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da Almu, ya jawo hannun ɗansa ya ce masa a ba kowa magani, mai shi da marar shi, amma kada a nuna wa kowa uwar magani. Uwar magani ita ce bishiyar da aka sassaƙo. Masu wannan sana'a suna da dalilinsu. Bishiyar da ta yi suna ba ta shekara biyu, kowa zai zo da gatari ya ɗebi rabonsa, a zagaye ta da sara har ta bushe a tsaye. Shi ya sa in wani ya matsa musu da tambaya ba sa cewa a'a, don a'a ƙara wa mutum kwaɗayi take. Sai su yi murmushi su kawo masa ɓawon wata bishiyar mai kama da ita. Wannan suke kira ɓad da sawu, kuma ba sa sa shi a sahun ƙarya.

Cikin bishiyoyin da Almu ya nuna masa akwai ɗaya da ta fi sauran. Wani tsohon marke ne a bayan ganuwa, tafiyar rabin sa'a daga Ƙofar Guga, a gefen wani kwari mai baƙar ƙasa inda ruwa ke kwanciya da damina. Marke dai ba abin nema ba ne a ƙasar Katsina, kowace tsohuwa ta san shi da maganin tari. Amma wannan daban yake. In aka sassaƙo ɓawonsa ɗanye, aka binne shi cikin tsakin dawa da aka turara, aka rufe tukunya a wuri mai sanyi, kwana huɗu sai wani farin abu kamar gashi ya fito daga cikin jikin ɓawon ya bi tsakin. A kwana goma ya rikiɗe ya koma launin ƙasa. Almu yana kiran abin furfura. Sai a shanya a inuwa, a daka, a ba masu teɓa da ke haki in sun hau tudu, waɗanda ake cewa jininsu ya yi nauyi.

Malam Sada ya gwada marke ya fi ashirin a rayuwarsa, babu wanda ya yi wannan furfurar sai shi. Ya kuma gwada ɗibar tsohon haɗi ya zuba a sabon tsaki, don ya huta da zuwa kwari. Karo na farko ya yi kamar zai yi, karo na biyu wata baƙar fumfuna ta hau ta cinye farar. Ya zubar a bayan ɗaki, kajin matarsa Tani suka tsattsaga, washegari uku suka mutu. Tun daga nan ya san dole kowane haɗi sai da sabon ɓawo, kuma rayuwar maganin tana rataye da rayuwar bishiyar.

Mutumin da ya fi kowa shan wannan magani shi ne Gwadabe mahauci, wanda gidansa ke kusa da hasumiyar Gobarau. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi allo. Yadda Sada yake shiru, haka Gwadabe yake da baki, ƙato ne mai dariya kamar ana mirgina ganga. Shekara arba'in yana fawa, kuma abin da bai sayar ba na kitse da ɓargo, cikinsa ne kasuwarsa. Wata rana yana tsaye yana saran ƙashi, ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa dutsen niƙa. A asibiti aka ce maiƙo ya yi yawa a jininsa, yana liƙewa a jijiyoyi yadda kitse ke daskarewa a magudanar kwata. Aka ba shi ƙwaya. Ya sha wata guda, ƙwaurinsa suka dinga ciwo har tsugunno ya gagare shi, sai ya wurga kwalbar kan soro ya rantse shi da ƙwaya har abada. Daga nan ya koma hannun abokinsa.

Duk wata sai Malam Sada ya cika gwangwani ya kai masa da kansa.

"Boka ya iso," in ji Gwadabe. "Wanga abu naka fa wari gare shi kamar takalmin ɗan dako."

"Sha dai. Wanda ya shekara arba'in yana wankin tumbi bai isa ya yi ƙorafin wari ba."

"Ka ji shi! Bebe ya yi magana, yau za a yi ruwa."

Haka aka yi shekara huɗu, ƙirjin bai sake riƙewa ba.

Babbar 'yar Gwadabe, Muhsina, tana aure a Zariya da 'ya'ya uku, tana koyarwa a jami'a, aikinta binciken ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ita take jan uban da ƙyar zuwa awon jini duk bayan wata shida, ita kuma ta lura maiƙon ya sauka ya tsaya, alhali uban bai rage cin kitse ba ko da cokali. Ana cikin hayaniyar zaɓe, har an liƙa hotunan 'yan takara a bangon zauren Malam Sada ba tare da an tambaye shi ba, sai ga ta ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Inna Tani, ya tambayi maigidanta da yara ɗaya bayan ɗaya, da hanya, da gajiya, sannan ta kawo abin da ya kawo ta.

"Baba, ina tsammanin ba bishiyar ce ke aikin ba. Akwai irin fumfunar da ke zaune a cikin jikin itace mai rai, ba ta cutar da shi, shi ma bai kore ta ba, kamar baƙon da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Ƙwayar nan da Babanmu ya jefar kan soro, daga fumfuna aka fara samo irinta. Wataƙila abin da kuke kira furfura danginta ce. Ban tabbatar ba, sai na gwada. Ɗanyen reshe nake so, da ɗan ɓawo, daga ainihin bishiyar."

 Maganar ta shigi Malam Sada, don ta amsa tambayar da ya shekara talatin yana yi wa kansa. Amma muryar Almu ta fi tata tsufa a kunnensa.

"To, ɗiyata," ya ce. "Gobe da hantsi ki zo ki amsa."

Washegari bayan asuba ya saɓa gizago ya fita ta ƙofar. Da ya kai inda hanya ta rabu biyu ya tsaya, sannan ya bi ta dama, inda wani matashin marke yake a bakin kududdufin masu yin tubali. Ya sassaƙo, ya karyo reshe, ya dawo da wuri. Tani tana shara a tsakar gida, ta dubi takalminsa a bakin ƙofa.

"Malam, yau baƙar ƙasar kwari ja ta koma?"

Ya wuce ya jingina gizago, ta bi bayansa.

"Ɗiyar Gwadabe ce fa. A bayana ta yi barci lokacin da uwarta ke jinya."

"Ba don ita ba ne," ya ce. "Takarda za ta rubuta, ita kuwa takarda ba ta da ƙyaure."

Muhsina ta zo ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a farar leda, ta yi godiya har tana cewa Allah Ya bar zumunci. Ya ce amin, bai ɗaga kai ba.

Aka rantsar da sabuwar gwamnati, aka yi ta kiɗa da jerin motoci, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata huɗu da tafiyarta sai ta dawo, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce ta yanka reshen ƙanana-ƙanana, ta wanke bayansa da magani don kada ƙurar waje ta shiga, ta jera a farantan gilas sama da ɗari. Abubuwa sun tsiro, amma babu wanda ya ba da sinadarin da take nema.

"Ina jin hannuna ne, Baba. Ko na ƙona ta wajen wankin. Har sau uku ina sakewa." Ta yi ajiyar zuciya. "Abin da ya fi damuna, da na same ta, da na raba ta da sauran na ajiye ta ita kaɗai a firji. A haka sai ta shekara da shekaru, ko bishiyar ta mutu, ita tana nan."

 Malam Sada ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai ya ga matar da ake kira Malama a jami'a durƙushe a gabansa tana ba shi haƙuri a kan laifin da nasa ne. Dattijo mai furfura zai dubi 'yar abokinsa ya ce na yaudare ki? Kunya ta danne shi. Ya ce a ransa bari damina ta wuce, hanyar kwari ta bushe, sai ya kai ta da kansa ba tare da dogon bayani ba. Shi mutum ne da bai taɓa gaggawa ba, kuma rashin gaggawa bai taɓa cutarsa ba.

"Allah Ya sa albarka a ƙoƙarinki," abin da ya ce ke nan.

Tsakiyar damina Yero ya zo. Bafulatani ne da ke kiwo a bayan ganuwa, yakan zo karɓar jiƙon da ake ba shanu in ciki ya kumbura. Shi kaɗai yakan ga Malam Sada a kwari, kuma bai taɓa tambayar abin da yake yi ba. Bayan an gama gaisuwa ya jingina sandarsa ya ce:

"Malam, na ga waɗansu mutane da dogon wando suna leƙe cikin wani ƙarfe mai ƙafa uku a gonar kwari. Sun dasa duwatsun siminti a kusurwa huɗu. Har saniyata ta yi tuntuɓe da guda."

"Na wa?"

"An ce magada sun sayar. Wani ne da siyasa ta ɗaga bana, gidan bulo zai yi."

"Iccen yana ciki?"

"Tsakiya ma."

Malam Sada ya ci gaba da ƙulla magani. "Marken nan ya ga zuwan Bature ya ga tahiyarshi. Ya ga soja sun hau sun sauka ba sau ɗaya ba. Wa zai taɓa shi?"

Yero ya ɗauki sandarsa. "Su waɗanga ba su san shi ba, Malam. Shi ya sa."

Daga ranar duk zuwan da zai yi kwari sai ya ga wani sabon abu. Yau an zube yashi, gobe an kawo tankin ruwa. Ya kuma lura shamuwar da ke sheƙa a saman marken duk damina ta tashi tun kafin lokacinta. A ɗaya ɓangaren, Gwadabe yana ta ƙara ƙiba, don sababbin masu mulki ba sa rabo da walima, kuma kowace walima sai an kira mahauci. In ya yi dariya sai Malam Sada ya ga ya kai hannu ƙirji yana shafawa, bai ma san yana yi ba.

Da kaka ta yi, dawa ta sunkuya, wata safiya ya tarar an shafa wa jikin marken jan fenti, babban gicciye daidai tsayin fuskarsa. Ga leburori kamar goma suna sauke kaya, ga wakilin mai filin da baƙin tabarau da takarda a hannu. Malam Sada, wanda bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya cire takalmi ya matsa ya yi sallama, ya ce yana neman alfarma a bar iccen nan.

"Naka ne, Baba?"

"Ba nawa ba ne."

"To mi za ka yi da shi?"

Leburorin suka dakata suna saurare. Malam Sada ya dube su, mutum goma, kowa da baki, kowa da gatari a gida.

"Inuwa," ya ce.

Aka kwashe da dariya. Wakilin ba mugu ba ne, har ya tsawata musu. Ya ce, "Baba, mai wuri ya sayi wurinshi da abin da ke ciki. In da wani dalili mai ƙarfi ka faɗa in kai mishi, yanzu mulkin farar hula ne, ana jin koke. In kuwa inuwa ce, za mu yi rumfa." Ya jira. Da ya ji shiru sai ya ce ba za a taɓa bishiyar ba sai an cire amfanin gona, kamar mako biyu nan gaba.

Malam Sada ya jira suka tafi cin abinci, ya sassaƙo ɓawo iya abin da tukwanensa za su ɗauka. A gida ya zauna zai rubuta wa Muhsina wasiƙa. Tani ta ce ya kira wani mai boko ya rubuta komai dalla-dalla, ko kuma ya karyo reshe ya naɗe ya ba direban motar Zariya ya kai mata. Ya ce mai rubutu ai kunne gare shi, kuma direba ma yana iya buɗewa. Ya ɗauki alƙalami ya yi layi biyu da ajami: gaisuwa, sannan ki zo in kin samu sarari, akwai magana. Ya kai tasha ya ba direba.

Wasiƙar ta same ta ana tsakiyar jarrabawa. Ta karanta, ba ta ga alamar gaggawa ba, ta bari sai Asabar ta sama. Kwana tara ke nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ta durƙusa a zaure, ko gaisuwar bai bari ta ƙare ba.

"Reshen da na ba ki ba na iccen ba ne. Na wani marke ne a bakin kududdufi. Da sanina na yi."

 Muhsina ba ta ɗaga murya ba, tarbiyyarta ba ta ba ta ba.

"Wata huɗu, Baba. Har kuka na yi, na ɗauka ban iya aikina ba."

"Na sani."

"Me ya sa yau?"

"Za a sare shi."

Ta miƙe tsaye kafin ya rufe baki. Suka fita ta ƙofar, yana gaba tana biye, bai taɓa sauri irin na ranar ba. Tun kafin su gangara kwari suka hango hayaƙi, fari, mai kauri, yana tashi a hankali ba iska. Inda ya saba ganin kan marken ya tokare sama, babu komai sai sarari.

Ashe masu gawayi sun ji labari, marke kuwa shi ne sarkin gawayi, suka sayi bishiyar suka ce ba sai an jira girbi ba. Ranar Alhamis suka kayar da ita, suka daddatsa, suka jera, suka rufe da ƙasa suka sa wuta. Ko kututturen ba su bari ba, sun tara masa kara sun cinna. Yero yana tsaye nesa da shanunsa, da ya gan su sai ya kau da kai.

Muhsina ta zagaya tudun da ke hayaƙi tana neman ko ganye ɗaya, akuyoyi sun riga ta. Ta karɓi gizagon Malam Sada ta koma nesa da kututturen ta dinga haƙa da hannunta, lulluɓinta yana jan ƙasa, har ta tarar da wata saiwa kamar yatsa. Da ɗuminta ta fito. Ta naɗe ta, ta ce ba ta sani ba ko zafi ya riga ya kashe abin da ke ciki. Da suka koma gida ta ɗebi kaɗan daga na tukunya ma, amma ta ce wannan ya kwana tara cikin tsaki ba a wanke shi ba, ba za ta iya rantsuwa wanne ne ɗan gida wanne ne baƙo ba.

Haɗin ƙarshe ya kai Gwadabe har tsakiyar azumi. Da gwangwani ya kusa ƙarewa, Malam Sada ya sake gwada abin da ya san ba ya yi, ya zuba tsohon haɗi a sabon tsaki. Kwana shida baƙar fumfunar ta hau. Wannan karon rami ya haƙa ya binne. Sai wata safiya Tani ta gan shi ya saɓa gizago.

"Ina zuwa?"

"Bakin kududdufi. Ɗanɗanonsu guda, ba zai gane ba. Hankalinshi zai kwanta."

"Ka yi wa ɗiya, yanzu uban ya rage? Wallahi Malam in ka kai mishi, ni zan sa mayafi in tahi Gobarau in faɗa."

Shekara talatin da biyar suna tare ba ta taɓa yi masa rantsuwa ba. Ya ajiye gizagon. Bayan la'asar ya ɗauki gwangwanin, babu komai ciki, ya tafi. Ya tarar da Gwadabe a ƙofar gida yana wasa wuƙa, ya ajiye gwangwanin a gabansa, ya faɗa masa komai tun daga mararrabar hanya har zuwa hayaƙi. Bai taɓa yin magana mai tsawo haka ba.

Gwadabe ya girgiza gwangwanin a kunnensa, sannan ya fashe da dariya.

"Kai Boka! Ashe ɗiyata ka yi wa wasan 'yan magani? To ni mi zan ce? Shekara arba'in ina ɓoye ƙashi ƙarƙashin tsoka ina rantse wa mata zalla ce. Kowa da ɓarnar sana'arshi. Tashi, na yahe."

"Ba yahiya na zo nema ba. Muhsina ta kawo wata ƙwaya, ta ce ba irin waccan ba ce. Ka sha."

"Na rantse."

"Ka yi kaffara, ni zan ciyar."

Dariyar ta tsaya. Gwadabe ya dubi abokinsa, hannunsa a ƙirji. "Tsoro kake ji, Sada?"

"Ƙwarai."

Gwadabe ya yarda, amma da sharaɗi: sai dai Boka ya zo kullum ya miƙa masa da hannunsa, don ya ga yadda mai sassaƙe zai koma yaron likita. Haka aka yi. Kullum Malam Sada yana tafe daga Ƙofar Guga zuwa Gobarau da ƙwaya ɗaya a aljihu, ana yi masa tsiya yana haɗiyewa. Mutanen unguwa suka fara cewa mai magani ya sallama, masu zuwa zaurensa suka ragu, bai kula ba. Wani lokaci Gwadabe ya haɗiye, wani lokaci ya ɓoye a kunci ya tofar in an juya baya, ya ce ƙwaurinsa sun fara.

Sai babbar Salla ta zo. A kwanakin layya mahauci ba shi da gida, daga wannan ƙofa sai waccan, ana fiɗa ana soya ana cewa ɗanɗana. Malam Sada ya zo ranar Salla bai same shi ba. Washegari ya bi gida huɗu, ko'ina a ce yanzu ya fita. Rana ta uku da hantsi, yana tafe da ƙwaya uku a aljihu, ya hango taro a bakin wani lungu. Gwadabe ne kwance kusa da ragon da bai gama feɗewa ba, wuƙar tana hannunsa, bakinsa ya karkace.

Bai mutu ba. Ɓarin dama ya shanye, harshe kuma ya tafi gaba ɗaya. Likita ya ce mutum mai irin wannan jiki da irin wannan ci, ba wanda zai iya cewa da an yi kaza da bai faɗi ba. Muhsina ta maimaita wa Malam Sada wannan magana har sau biyu, don ta sauƙaƙa masa. Ya ce Allah Shi ne masani, amma bai karɓa ba.

Tun daga nan, duk bayan la'asar, za ka gan shi zaune a gefen gadon Gwadabe. Ɗakin da dā ba a jin muryar kowa sai ta mai shi, yanzu Sada ne yake magana, yana ba da labarin kasuwa da na unguwa, ba ya ma iyawa sosai. Gwadabe yana binsa da ido ɗaya.

Da ruwan farko ya sauka Muhsina ta shigo ɗakin da wani ƙaramin farantin gilas a rufe, an naɗe bakinsa. Ta ce daga saiwar nan abu uku suka tsiro, biyu ta san ba su ba ne, wannan na ukun sai an yi watanni ana gwaji kafin a san ko yana ba da sinadarin. Ta miƙa wa Malam Sada, ta ce kada ya buɗe, ya duba kawai. Ya kai shi bakin taga. Fari ne a gefe, tsakiyarsa launin ƙasa.

"Ita ce, Baba?"

Ya daɗe yana juya shi. "Ta yi kama."

"Kama kawai?"

"Reshen da na ba ki ma ya yi kama, ɗiyata."

Ya miƙa mata, sannan ya ce ta ɗauko takarda da biro. A nan gaban Gwadabe ya fara lissafa mata iyayen magani da Almu ya nuna masa, kowace da inda take da hanyar da ake bi da abin da take yi, har guda goma sha ɗaya. Washegari suka ɗauki mota suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suna tsaye. Uku kuwa kututture suka tarar. Ta ƙarshen, wata tsohuwar taura a hanyar da ta fita ta Ƙofar Ƙaura, tana nan da ganyenta shar, sai dai da suka zagaya bayanta suka ga dutsen siminti a gindinta, sabo, ko bushewa bai gama yi ba.